Harisu da Agogon da Ya Ƙi Gama Gyaruwa

Idan ka shigo Tamanrasset ka tambayi Harisu mai tebur, kowa a unguwar Tahaggart zai nuna maka shi, sai dai kowa da irin kallon da zai yi maka kafin ya nuna. Mutumin Mirya ne, can gefen Damagaram. Siriri ne, dogo, idan ya jingina da fal ɗin lantarki sai ka yi sallama ka jira ka ga wanne daga cikinsu zai amsa.

Da ya zo garin nan, aikin shantiye, wato leburancin gini, ya fara kamar sauran samarinmu. Ba su daɗe tare ba. Waɗanda suka gani da idonsu sun ce ba Harisu ne ke ɗaukar buhun siminti ba, buhun ne ke ɗaukar Harisu ya kai shi inda ya ga dama. Mai shantiyen, wani Balarabe mai tausayi, ya kira shi gefe ya roƙe shi don Allah ya je ya nemi sana'ar da ake yi a zaune, kafin a ce a wurinsa aka karye.

Haka aka yi tebur. Ɗan teburi ne a bakin hanyar kasuwa, ƙafa ɗaya guntuwa ce an tokare ta da dutse. A kai akwai pil, wato batir, na tocila da na rediyo, wayar cajin salula, kwaɗon ƙofa, ƴan kwalaben turare, allura da zare, da abubuwan yankan ƙumba waɗanda ba sa yankan komai. Ciniki dai na a ci a sha ruwa. Shi kuma Harisu ransa bai taɓa kwanciya a kan teburin nan kaɗai ba, kullum yana neman abin da zai jingina mishi. Ya yi kiwon tantabaru a saman ɗaki, suka ci hatsinsa suka yi ƙiba suka koma gidan maƙwabci da zama. Ya gwada sayar da ƙanƙara lokacin zafi, kafin ya kai kasuwa ta zama ruwan wanke ƙafa. Kowace sana'a sai ya yi shelarta a tsakar gida tun bai fara ba, mu kuma ba ma yi mishi rowar dariya idan ta rushe. Har yau akwai masu kiransa Sarkin Tantabaru.

Gidan da muke ciki na wani Balarabe ne, amma Malam Rufa'i ne ya karɓi hayarsa duka, shi ke ba da ɗaki, shi ke karɓe ɗaki. Malam dattijo ne, mutumin Tasawa, yana karantar da ƴaƴan Hausawan unguwa a zaure. Dokarsa guda ɗaya ce, kuma kowa ya haddace ta fiye da karatun: duk wanda ya taɓa kayan wani, ko ya yi abin da zai jawo jandarma bakin ƙofar nan, ya naɗe tabarmarsa. Ba mugunta ba ce. Yawancinmu takardunmu ba su cika ba. Idan aka shigo neman mutum ɗaya, gidan duka za a loda a kamiyo a zube a bakin iyaka, kowa ya taka da ƙafarsa zuwa Assamaka. Wanda Malam ya kora kuwa, babu gidan Bahaushen da zai karɓe shi a garin nan, don labari yana riga mutum isa. Mai tebur da ba shi da wurin kwana, da shi da teburin duk na kan hanya ne.

To, ana nan sai Harisu ya yi shiru.

Wannan shirun ne ya fara tayar mana da hankali. Mutumin da idan ya yi mafarkin sana'a sai ya tashi kowa ya ba shi labari, sai ga shi ya dawo kasuwa, ya yi sallama a taƙaice, ya shige ɗaki ya tura ƙyaure. Ya toshe tagar da tsumma. Ya hana a yi shara a ƙofar ɗakinsa. Rannan wani ya kaɗe bargo a kusa da wurin, Harisu ya fito kamar an taka mishi wuya, yana roƙon a je can nesa a kaɗe.

Sai batun riga. Ana tsakiyar zafi, kowa yana neman yadda zai rage tufa, shi kuma ya koma saka riga mai hannu har ƙasa, a ɓalle da maɓalli kam. Ko alwala zai yi sai ya ɗauki buta ya shige ɗaki. Aka ce ƙazuwa ce. Aka ce a'a, layu ne ya ɗaura tun daga wuyan hannu har hamata. Wata ta rantse ta ga hannun yana motsi shi kaɗai.

Sai kuma tafiyar Jumma'a. Da sassafe zai rufe teburi da leda, ya hau motar da ke bin hanyar arewa, ba ya dawowa sai la'asar ta yi sanyi. Aka bi diddigi aka gano Tit yake sauka. Me ɗan Mirya ya ajiye a Tit, garin da babu komai sai dabino da lambuna? Kuma hanyar nan ba a rasa masu duba takardu a kanta. Wasu ko kallon hanyar ba sa so su yi. Shi kullum ya je ya dawo lafiya lau, har da ɗan dabino a aljihu.

Wanda ya ɗauki maganar nan a kansa shi ne Khamisu, magini, ɗan Maradi, wanda bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na Harisu. Khamisu irin mutanen nan ne da idan kaza ta wuce sau biyu ta gabansu sai su ce aiko ta aka yi. Wata rana ciwon baya ya hana shi fita aiki. Yana kwance da hantsi sai ya ji ƙara daga ɗakin Harisu, tit-tit, tit-tit, ga ɗakin a kulle, mai ɗakin yana kasuwa. Ya manna kunne a bango har siminti ya yi mishi zane a kumatu. Washegari ya sake ƙin fita, wannan karon bayan ya warke, ƙarar ta sake tashi daidai lokacin jiya.

Kafin azahar gidan duka ya san cewa Harisu yana da na'urar magana da hukuma. Kafin la'asar na'urar ta yi eriya. Kafin magariba an ce tana jin Hausa da Larabci da Buzanci, kuma tana gane muryar kowa har da tarin Malam. Mutane suka koma yin raɗa a tsakar gida. Idan Harisu ya shigo, hira ta mutu, kowa ya kama yabon ƙasar Aljeriya da ƙarfi, yana fuskantar hannun rigarsa.

Khamisu ya kai ƙara wurin Malam. Malam ya saurare shi har ƙarshe, ya ce zato ba shaida ba ne, kuma shi bai taɓa korar mutum saboda ƙara ta fito daga ɗakinsa ba, in da haka ne da masu minshari sun daɗe da barin gidan. Khamisu ya fito yana ƙunƙuni cewa wata rana za a tuna da shi a cikin kamiyo.

Da a nan abin ya tsaya, da ya zama hirar shayi. Sai agogon Malam ya ɓace.

Agogon nan ba don tsada ake ganin girmansa ba. Na mahaifin Malam ne, tsohon agogon ƙarfe, irin wanda ba ya cin pil, motsin hannu ne abincinsa. Malam ba ya ɗaura shi kullum. Yana ajiye shi a gwangwanin alewa, ran Jumma'a ko ran salla ya fito da shi, ya girgiza, ya saita, ya ɗaura ya tafi masallaci. Duk abin da ya baro Tasawa da shi na tsohon, agogon nan ne kawai ya rage. Wata Jumma'a ya buɗe gwangwani ya tarar da wayam. Aka ɗaga katifa, aka zazzage buhun littattafai, matarsa Gwaggo Daso ta fi kowa nema, har cikin tukunyar miya ta leƙa.

Ban taɓa ganin ran Malam ya ɓaci irin na ranar ba. Ya tsaya a tsakar gida, bai ɗaga murya ba, ya ce duk wanda aka sami agogon nan a wurinsa zai bar gidan nan, ko ɗan cikinsa ne. Kuma kowa ya san Malam: idan magana ta fita bakinsa a gaban jama'a, ko shi ba ya iya mayar da ita.

Khamisu dai ya juya ya kalli ƙofar Harisu, ya kalli Malam, ya sake kallon ƙofar, har sai da ya tabbata babu wanda bai ga yana kallo ba. Ranar kuwa Harisu yana Tit.

Ya dawo bayan la'asar ya tarar da gida cike, har da mutanen maƙwabta da suka zo aron abin da ba su buƙata. Malam yana kan buzunsa a zaure. Ya kira shi ya zaunar da shi, ya tambaye shi hanya, sannan ya ce ana ta maganganu a kansa, shi kuma ba ya son ya yanke hukunci a kan ji-ta-ji-ta. Ya tambaye shi me yake kai shi Tit. Harisu ya sunkuyar da kai ya ce ziyara. Wa yake ziyarta? Wani tsoho. Me ke tsakaninsu? Harisu ya kama murza bakin tabarma.

Ana cikin wannan sai ƙarar ta tashi. Tit-tit, tit-tit. Ba daga ɗaki ba, daga cikin hannun rigar Harisu. Zaure ya watse. Wani ya bar takalminsa, wani ya fita da na wani. Khamisu, da ya fi kowa son gaskiya ta fito, shi aka fara gani a bayan randa.

Malam bai motsa ba. Ya ce, "Ɗana, naɗe hannun rigar nan."

Harisu ya ɓalle maɓalli ya naɗe. Jama'a, agoguna ne. Tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, a jere kamar awarwaron amarya: na roba, na ƙarfe, na mata mai ɗan siririn maɗauri, wani ma ba shi da maɗauri an ɗaure shi da zare. Ya naɗe ɗaya hannun, nan ma haka. Wasu sun ce har a ƙafa akwai, ni dai ban ga ya cire wando ba.

Nan take na'urar hukuma ta mutu, aka haifi ɓarawo. Khamisu ya fito daga bayan randa yana cewa dama shi tun farko sata ya zarga.

Sai a lokacin bakin Harisu ya buɗe. Ya ce masu zuwa sayen pil a teburinsa sukan miƙo agogo su ce ya saka musu, in ya saka bai tashi ba sai su tafi da abinsu suna tsaki, ciniki ya wuce shi. Yawanci ƴan shantiye ne da ƙurar siminti ta shaƙe musu agogo, da masu zuwa dajin zinariya inda salula ke mutuwa. Shi ne ya nemi wanda zai koya mishi gyara, aka kwatanta mishi wani tsoho, Ammi Lahsan, wanda ya yi shekaru yana gyaran agogo a garin nan kafin hannunsa ya fara rawa ya koma lambunsa a Tit. Tsohon ya yarda, Harisu ya taya shi ban ruwa da safe, shi kuma ya koya mishi bayan an sauko masallaci. Sharaɗinsa biyu. Kada ya kira kansa mai gyara sai ran da aka ba shi izini. Kuma agogon da aka gyara ba a miƙa wa mai shi daga kan tebur, sai mai gyaran ya ɗaura shi a jikinsa ya yi yawo da shi, ya ji zafi ya ji sanyi, a ga ko zai riƙe lokaci. Rufewar kuwa, a cewarsa, wane baƙo ne zai bi titin Tamanrasset da agoguna har gwiwar hannu a buɗe ya kai gida? Mai ƙarar kuma na wani alhaji ne, agogon salla da ya sayo a Makka. Har yanzu a lokacin can yake, shi ya sa yake kiran azahar da hantsi, yanzu ma magaribar Makka ya kira. Harisu ya yi ta danne-danne bai gano yadda ake dawo da shi gida ba.

Malam ya tambaye shi me ya hana shi faɗa wa mutanen gida tun farko. Harisu ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malam, har yau Sarkin Tantabaru suke ce mini."

Babu wanda ya yi tari.

Malam ya bi agogunan da ido, nasa ba ya ciki. Har mun fara jin kunya, wasu sun fara neman takalmansu. Sai ya tambaya, a hankali, ko Harisu ya san wani abu game da agogon mahaifinsa. Da Harisu ya iya ƙarya da ya wuce wurin nan lafiya. Sai ya ce agogon yana ɗakinsa.

Aka ɗunguma. Ɗakin da muka yi wata da watanni muna yi mishi gini a baki, ashe babu komai ciki sai katifa, da farin ƙyalle shimfiɗe a kan kwali, da hantsaki, da ƴan turnabis na kwance kusoshi, sirara kamar tsinken sakace, da gilashin nan da ake maƙalawa a ido ɗaya. A tsakiya ga faranti an kife shi da kofin shayi. Harisu ya roƙi kowa ya tsaya a bakin ƙofa, kada a yi numfashi da ƙarfi. Ya ɗaga kofin. Ga agogon Malam nan, amma sai wanda ya san shi zai gane shi: fuska gefe, hannuwa gefe, ƴan ƙafafu masu haƙora, da kusoshi ƙanana waɗanda idan ɗaya ta faɗi ƙasa sai dai a nemi tururuwa ta nemo ta.

Malam ya daɗe yana kallo. Ya tambayi yadda agogon ya fito daga gwangwani ya zo nan. Harisu ya ce shi bai shiga ɗakin kowa ba, kawo mishi aka yi, kuma ya yi alkawarin ba zai faɗi wanda ya kawo ba. Khamisu ya ce kowane ɓarawo haka yake cewa. Malam ya ɗaga mishi hannu, ya tambayi abin da ya sami agogon.

"Ruwa ne ya shiga, Malam."

"Ruwan alwala?"

"A'a." Harisu ya dubi farantin. "Mai kumfa ne. Ya sha cuɗa kuma."

Duk wannan lokacin ana jin dakan Gwaggo Daso daga madafa. Nan take taɓarya ta tsaya. Kowa a gidan ya san wanda ke wanke jallabiyar Malam ta Jumma'a, kowa kuma ya san Malam da manta abu a aljihu. Malam bai waiwaya ba. Mu ma babu wanda ya waiwaya, sai dai wuyanmu ya yi ciwo don ƙoƙarin da muka yi. Jim kaɗan daka ta ci gaba, a hankali, kamar ana tsoron turmin ya ji zafi.

Yanzu fa Malam ya shiga tsaka. Ya faɗa a gaban jama'a cewa wanda aka sami agogon a wurinsa zai bar gida, ga shi an samu. Idan ya ce a tono wanda ya kawo, ya san inda tonon zai ƙare. Ya shafa gemu, ya tambayi Harisu ko za a iya kwashe kayan nan a zuba a leda ya tafi da su. Harisu ya ce in aka motsa farantin nan yanzu, ko Ammi Lahsan ba zai iya mayar da su ba, don shi kaɗai ya san wace kusa ya ajiye a ina.

Malam ya ce, "Magana na faɗa, ba zan janye ba. Harisu zai bar gidan nan. Zai bar shi ran da ya miƙo mini agogon mahaifina yana tafiya daidai, ba gudu ba jinkiri. Kafin nan, wanda ya kaɗe bargo a ƙofar ɗakin nan, shi zai riga shi fita."



Wannan magana an yi azumi an sake yin azumi a kanta. Ammi Lahsan ya ba Harisu izini, yanzu a gefen teburin akwai ɗan akwatin gilashi da agoguna a rataye. Ba zan ce ya zama gwani ba. Akwai wanda ya kai mishi agogo mai jinkiri ya karɓo shi yana gudu kamar an biyo shi, kuma agogon alhajin nan har gobe mutumin Makka ne. Amma ƴan shantiye suna kawo mishi, ƙafar teburin ma an yi mata gyara. Khamisu da kansa ya kai nasa, sai dai ya tsaya a kansa har aka gama, wai kada a saka mishi wani abu a ciki.

Agogon Malam kuwa an daɗe da haɗa shi. Yana hannun Harisu na hagu, can sama, ƙarƙashin riga, wai ana gwada shi. Duk Jumma'a idan Malam zai fita masallaci sai ya tsaya a ƙofar ɗakin.

"Harisu, ya jikin agogon?"

"Da sauƙi, Malam. Yana ɗan gudu kaɗan."

"To, kada ka yi mishi gaggawa. Tsoho ne."

Makon da ya biyo sai a ce yana ɗan jinkiri. Gwaggo Daso kuma tun daga ranar ba ta taɓa zuba tuwo ba ta ware wa Harisu nasa da man shanu ba, wai don ya yi rama.

Ni dai ga abin da na lura da shi, kowa ya yi lissafinsa. Idan Malam yana son sanin ko lokacin salla ya yi, ba ya duba salula, ba ya duba agogon bango. Harisu yake ƙwala wa kira. Harisu kuma ba ya duba ko ɗaya daga cikin na wuyan hannu. Sai ya juya baya, ya tura hannun riga can sama, ya leƙa, ya faɗi lokaci. Kafin ya gama mayar da maɓalli, ladan ya ɗauki kiran salla.